Jirgin da Aka Karkatar Zuwa Layinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, cikin rufin asiri da kwanciyar hankali. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa nema albarka, ya sauƙaƙa muku sanyin da ka ce bana ya wuce misali. Mu ma nan mun gode wa Allah. Yau kwana goma sha biyu da janyewar ruwa, ya bar mana laka da wari da wani layi da ya zana a bangon falon Mama, daidai ƙugun mutum. Ita Mama lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwar da ka sani, kuma tana wajena har gidanta ya bushe. Ta riga ta sauya wa tukwanena mazauni sau biyu, ta kuma gano cewa duk shekarun nan ban iya shanya ba. Gwaggo ta warke daga murar da ta kwasa. Kawu ya samo awakinsa uku cikin biyar, sauran biyun kuma ba ruwa yake zargi ba, maƙwabcinsa yake zargi. Yarana sun koma makaranta ba da son ransu ba, don sun so ajin nasu ya ci gaba da zama sansanin 'yan gudun ambaliya har ƙarshen zango.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wajena alhali kullum muna waya. Dalilin shi ne, a waya ni da kai magana muke yi a lokaci guda, wanda ya fi murya ya ci. Takarda kuwa ba a katse ta. Ƙanin Anti zai taso jibi, shi zai kawo maka ita hannu da hannu. Maganar a kan wani mutum ce da ba ka taɓa gani ba, matuƙin jirgin ruwanmu na ceto, wanda muke kira Kyaftin. An dakatar da shi daga aiki, ana kuma shirin korarsa, saboda wata waya da kai ka buga ranar ambaliya. Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki wayarka.

Shekara tara ke nan ina aiki a ofishin agajin gaggawa, amma na lura har yau in an tambaye ka aikina sai ka ce ina raba barguna. To bari in kwatanta maka ɗakin da nake zama. Ɗaki ne mai tebur huɗu da fanka ɗaya mai kuka. A bango akwai taswirar gari, gefenta kuma wani babban allo. Duk kiran da ya shigo, mai ɗaukar waya zai rubuta shi a kati: ina ne, mutum nawa, ruwa ya kai ina. Jan kati na wanda ransa ke cikin haɗari yanzu-yanzu ne. Rawaya na wanda ruwa ya shiga gidansa amma ya samu tudu. Kore na wanda ya tsira, abinci ko magani kawai yake jira. Ni nake duba allon in ce jirgi kaza ya tafi wuri kaza, motar asibiti ta jira shi a gada kaza, 'yan kwana-kwana su shiga da kayan aikinsu. Dokarmu ta farko ita ce murya ɗaya tak ke motsa jirgi, ta oba-oba, kowa na ji, mai rajista na rubutawa. Doka ta biyu ni na rubuta ta da hannuna bayan ambaliyar shekara uku da suka wuce: in katin unguwarku ya faɗo teburinka, ka miƙa wa na kusa da kai, ba kai za ka yanke launinsa ba. Wayoyinmu na aljihu kuma durowa suke shiga tun daga bakin ƙofa. Ba mu ƙirƙiri waɗannan dokoki don nishaɗi ba. Kowace ɗaya akwai wanda ya rasa ransa kafin a rubuta ta.

Ranar Talatar nan an buɗe ƙofofin madatsa da sassafe, kafin ƙarfe tara unguwa huɗu sun shiga ruwa. Jirage uku gare mu masu inji. Ƙarfe goma injin na uku ya mutu, kamar yadda na rubuta tun bara cewa zai mutu, a wata takarda da na tabbata tana nan lafiya cikin fayil ɗin wani. Saura biyu ke nan, ga jan kati goma sha ɗaya a allo. Ana cikin haka aka ajiye mini wani kati, na duba na ga layin gidanmu ne, tsohuwa ɗaya, mai ciwon gwiwa. Na miƙa shi ga abokin aikina na tebur na biyu, wanda muke kira Dattijo ko da yake na girme shi, don ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya kira mai kemis ɗin nan na kusa da mu, mai gidan bene. Mai kemis ya ce Mama na samansa tun ƙarfe takwas, a bushe, har ta karɓe ragamar kicin daga hannun matarsa. Dattijo ya manna rawayan kati, ya dube ni ya gyaɗa kai, na koma kan aikina.

A wannan lokacin, kamar yadda na gani daga baya, kai kana can kana kirana. Sau arba'in da ɗaya, na ƙirga. Da ba ka same ni ba sai ka koma gurup ɗin 'yan gida ka kafa naka ofishin agajin, daga nisan da jirgin sama ke yin awa bakwai. Ka umarci kowa ya kira layin gaggawa. Gwaggo ta kira sau uku, kowane kira da irin kwatancensa: da farko tsohuwa mai ciwon ƙafa, sannan dattijuwa da ba ta iya tafiya, na ukun kuma wai ba a san ko tana numfashi ba. Kawu ya kira ya ce ruwa ya kai rufi, shi da ke wata unguwa daban yana neman awaki. Wata 'yar ƙanwar Mama da ko layin ba ta taɓa takawa ba ita ma ta kira tana kuka. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya allonmu ya nuna tsofaffin mata biyar suna nutsewa a layi ɗaya. Dattijo ya ɓata kusan minti ashirin yana bin su ɗaya bayan ɗaya, har ya gano duk uwa ɗaya ce, tawa, tana shan shayi a bene. Ya tattara katunan ya haɗa su da allura, ya ce mini a hankali wai Allah ya albarkace ni da dangi masu zumunci. Duk minti ɗin da Gwaggo ta riƙe layi, akwai wani a kan rufin kwano da yake jin layin a cike.

Na kuma ga abin da ka rubuta a kaina a gurup ɗin, cewa boko ya cinye mini zuciya, ina da jirage a hannu na bar uwata a ruwa. Na yi dariya, don a gidanmu kai ne mai digiri uku, ni biyu kacal gare ni. Wannan ban riƙe ka da shi ba. Abin da ka yi bayansa shi ne maganar.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na tura jirgi na biyu, na Kyaftin, zuwa wani gareji a bayan tasha. Katanga ta faɗo wa wani bakanike a ƙafa, ruwa ya kai masa ƙirji, abokan aikinsa biyu na tallafe da kansa. 'Yan kwana-kwana biyu na cikin jirgin da jak da ƙarfen ɗaga nauyi. Tafiyar minti goma sha biyar ce. Jirgi na ɗaya kuwa yana can yana sauko da yara goma sha tara daga rufin wata makarantar raino, ba mai hankalin da zai taɓa shi. Bayan minti goma sai muryar Kyaftin ta shigo oba-oba, wai an ba shi wani umarni daga sama. Na ce masa a wannan aikin babu wata sama da ta wuce teburin nan, ya ci gaba da hanyarsa. Sai ya ce in yi haƙuri. Bai faɗi wanda ya ba shi umarnin ba, don ƙaramin ma'aikaci ba ya ambaton babba a na'urar da kowa ke ji. Mai rajista ya rubuta abin da ya ji kawai: jirgi na biyu ya bar hanya. Na yi ta kira ba amsa. A lokacin ko a mafarki ban kawo cewa ƙofar gidanmu ya nufa ba.

Kai ka san sauran, amma rabi ka sani. Ka tuna cewa Daraktanmu ɗan ajinku ne a sakandare, ka nemo lambarsa, ka kira shi. Shi kuma, da yake mutum ne mai son a san yana da amfani, bai shigo ɗakin ya tambayi launin katin ba, ga shi taku ashirin ne tsakaninmu. Ya kira Kyaftin kai tsaye a wayarsa ta aljihu ya ce ya juya. Ban sani ba ko ka taɓa ganin Daraktan tun da kuka rabu. Yana da wata rigar ceto mai ƙyalli da yake sawa in 'yan jarida sun zo, har yau karin gugarta bai baje ba. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da ba su iya ce wa tsohon aboki a'a ba, sai dai su ce wa baƙo, musamman baƙon da ba su gani.

Abin da ya faru a layinmu daga bakin Kyaftin na ji shi, Mama kuma ta tabbatar, har da ƙari. Sun tarar da ita a barandar mai kemis tana raba shayi. Ta leƙo ta tambaye su wa suka zo nema, suka ce ita. Ta ce ita ba ta aiki kowa ba, shekararta saba'in da ɗaya ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba, kuma ba yau za ta fara ba don ta faranta wa wani rai. Ta ce su je su nemi masu bukata. Kyaftin ya ji daɗi, ya kira Darakta ya ce tsohuwar lafiya lau take, zai wuce gareji. Darakta ya ce kada ya kuskura ya bar wurin ba tare da ita ba, ya riga ya yi wa ɗanta alkawari. Nan aka tsaya ana lallashi, manyan mutane uku cikin jirgi suna roƙon tsohuwa a bene, tana ce musu 'ya'yan nan ba su da aikin yi ne. Minti ashirin da biyar. Da ta ga ba za su tafi ba sai ta ce to, tunda sun matsa, su shiga gidanta su ɗauko mata akwatin da ke saman kabad. Ɗan kwana-kwana ya kutsa ruwa har ƙugu ya fito da shi a ka. Ka san abin da ke ciki? Takardun shaidar karatunka ne tun daga firamare, da hoton ranar da ka gama jami'a. Ina taya ka murna, ko ɗigo bai taɓa su ba. Daga nan sai da aka kai ta tudu, wanda yake wani ɓangare daban da garejin, sannan aka juyo.

Sun isa wajen bakaniken ƙarfe ɗaya saura minti ashirin da biyar, wato an makara da awa ɗaya da minti goma. Ruwan ya kai masa haɓa. Abokan aikinsa sun ce hannayensu sun daina ji tun tuni, sai suka riƙa tallafe kansa da kafaɗa. An fitar da shi da rai, alhamdu lillahi. Ranar Alhamis aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na je na sami likitan na tambaye shi ko da an isa da wuri da an ceci ƙafar. Ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka, ta yiwu tun faɗuwar katangar ta lalace, ta yiwu kuma a'a. Na sake komawa washegari na canja salon tambayar, ya ba ni amsa iri ɗaya. Na so ya ce mini e ko a'a, ko wanne ne da na san inda zan ajiye shi. Mutumin yana da 'ya'ya huɗu, sana'arsa kuma ta kwanciya ƙarƙashin mota ce da miƙewa sau hamsin a yini.

Da azahar ɗin ranar ambaliyar ka saka saƙon murya a gurup cewa an gama, ka yi magana da wanda ya dace, Mama ta tsira. Aka yi ta zuba maka addu'a da hotunan furanni. Gwaggo ta ce ɗa namiji daban ne. Bayan kwana biyu, da labarin bakaniken ya fara yawo, na ga ka goge saƙon. Daga nan na san ka sani, ko aƙalla ka yi zato, shi ya sa ban tsaya ina maka kwana-kwana a wannan takarda ba.

Duk bayan babban aiki irin wannan akan rubuta rahoto, kwamiti ya zauna a kai. Rubutun farko da aka kawo mini cewa ya yi an samu karkatar jirgi, kamar iska ce ta kaɗa shi. Na mayar na ce a faɗi wanda ya karkatar. Rubutu na biyu ya dawo ya faɗa: wai matuƙin ya bar hanyar da aka ba shi bisa raɗin kansa. Wayar Kyaftin ta faɗa ruwa a garejin lokacin da suke ɗaga katangar, don haka ba shi da abin nunawa. Darakta kuma ya ce ranar ya yi waya sun fi ɗari, ba zai iya tuna kowace ba. Ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera mai laushi, abin da bai taɓa yi ba, ya tambayi jikin Mama, ya tambaye ka. Sannan ya ce mu duka gida ɗaya ne, in sa hannu a wuce wurin. Ya ce in aka tona, tambayar farko da kwamiti zai yi ita ce uwar wa aka je ɗaukowa, ta biyu kuma wa ke zaune a teburin da ke motsa jirage. Ya ce shi yana kare ni ne. Kuma ka san abin haushin, Yaya, lissafinsa daidai ne. Duk wanda ya ji cewa jirgi ya bar mai jan kati ya tafi ƙofar gidan uwar mai ba da umarni, ba zai nemi wani ɗan'uwa a wata ƙasa ba. Ni da na miƙa katin ba tare da na karanta shi sau biyu ba, ni ce wadda abin ya fi kama da ita. Na gode maka da wannan ma.

Ranar Asabar na je na sami Kyaftin a bakin ruwa inda ake ɗaure jiragen. An hana shi taɓa su, amma na tarar da shi ya kwance injin na uku yana wankewa, wai zaman banza na sa masa ciwon baya. Shekararsa goma sha huɗu a wannan aiki. In gari ya nutse, tituna suka ɓace, shi da turakun lantarki yake gane hanya, ya san inda kwalbati yake da inda katangar wani ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa tana jiran farfela. Ba a koyar da wannan a wani kwas, na nema. Na zaci zai yi mini ƙorafi, sai ya fara da tambayar lafiyar Hajiya, wai tsohuwar akwai baki, a cikin jirgin ma sai da ta gyara masa yadda yake riƙe sitiyari. Na tambaye shi me ya sa bai bi maganata ba. Ya ce Malama, umarni biyu ne jirgi ɗaya, shi kuma ya duba ya ga ɗaya daga cikin masu umarnin ne ke sa hannu a takardar aikinsa. Ya ce tun daga ranar yake lissafa hanyar nan a ransa, da ya toshe kunne ya miƙe, minti biyar ya rage masa ya isa. Bai roƙe ni komai ba. Da ya roƙa da ya fi mini sauƙi.

Mama ba ta san komai ba sai da na zaunar da ita na gaya mata, don na ga gara ta ji daga bakina. Da na gama sai ta tambayi sunan asibitin. Tun daga ranar kullum sai ta sa maigidana ya sauke ta can kafin ya wuce aiki. Ta gaya wa matar bakaniken ko ita wace ce, ba ta rage komai ba. Ranar farko matar ko kallonta ba ta yi ba, Mama ta yini a tsaye a baranda da gwiwar nan tata. Rana ta biyu ta turo mata kujera da ƙafa. Yanzu na ji har suna faɗa a kan yadda ake jiƙa tawul. Ka yi ta tambayata me ya sa ba ta ɗaukar wayarka kwana biyu, ina ce maka barci take. Ba barci take ba. Na tambaye ta ko akwai saƙo da zan sa maka a takarda, ta ce in gaya maka ba ta yi fushi ba. Kai ka san Mama, ka san abin da wannan ke nufi fiye da ni.

Kada ka ɗauka ban fahimce ka ba. Na san abin da ke cin ka tun rasuwar Baba, da ka sauka daga jirgin sama ka tarar an riga an kai shi. Na san yadda mutum yake ji yana zaune a ɗaki mai ɗumi yana kallon bidiyon layin da ya yi wasa a ciki ya zama kogi, ƙanwarsa kuma ba ta ɗaukar waya. Da ni ce a can, ban rantse ba zan nemi lambar wani ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne, a gidanmu mun ɗauka ƙauna ita ce sanin wani babba. In yaro zai shiga makaranta, wa muka sani. In za a ga likita, wa muka sani. Mun saba tsallake layi har mun manta cewa layi mutane ne, kuma wanda aka tsallake yana da fuska. A sauran wurare abin da yake rasawa yini guda ne ko kujera. A ɗakin da nake aiki ba haka ba ne. Kuma da ka yi tunani kaɗan, ai ka san wani a ofishin nan wanda ya fi Darakta sanin inda Mama take. Ni ce. Shirun da na yi maka shi ne aikin.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ban sa hannu a rahotonsu ba. Na rubuta nawa, shafi uku, na faɗi lokacin da na tura jirgi, da abin da Kyaftin ya ce a oba-oba, da katunan nan biyar, Dattijo kuma ya sa hannu a kan cewa shi ya yanke launin katin Mama ba ni ba. Na rubuta cewa yayana ne ya kira Darakta, na sa sunanka da lambarka. Na riga na miƙa wa sakataren kwamiti tun ranar Litinin, ya buga hatimi. Don haka ba izini nake nema ba, so nake ka ji daga wajena kafin ka ji daga wajensu. Tun ranar Darakta bai amsa gaisuwata ba, an kuma fara raɗe-raɗin za a mayar da ni sito, inda a ƙarshe zan riƙa raba bargunan da ka daɗe kana cewa ina rabawa.

Sai dai maganata ita kaɗai ba za ta ceci Kyaftin ba. Ni ban ji wayar da kunnena ba, kuma ni ce 'yar tsohuwar, duk abin da na faɗa za a ce kaina nake wankewa. Mutum uku ne suka san abin da aka faɗa a wayoyin nan. Ɗaya ya ce ya manta, ɗaya ba a yarda da shi ba, saura kai. Kwamitin zai zauna nan da mako uku, kuma sun ce za su kira ka. Ba a bukatar ka yi kuka ko dogon jawabi, na san ka iya na biyun. Abu uku kawai za ka faɗa: ƙarfe nawa ka kira, wa ka kira, me ya ce maka. In kiran na nan a wayarka, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Ba abin da za su iya yi maka, kana can, aikinka na can. Abin da za ka rasa shi ne abokin da ba ka nema ba shekara ashirin sai ranar nan, da kuma furannin Gwaggo. In ka yi shiru, Kyaftin zai tafi da takardar kora mai cewa ya bar mai neman ceto, babu kuma inda zai sake riƙe jirgi da irin wannan takarda. Damina kuwa za ta dawo, gidan Mama na nan inda yake, kuma wani sabon yaro da bai san inda kwalbati yake ba shi zai tuƙo.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mata maganin gwiwar da ta aiko ya iso, Mama na shafawa tana cewa ba ya aiki, amma ta hana kowa taɓa kwalbar. Ka gaishe da Babban Yaya ƙarami, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da 'Yar Baba, da Auta da na ji ya fara tafiya. Maigidana na gaishe ku, yara na gaishe da 'yan'uwansu. Kawu ya ce a gaishe ka, Gwaggo ma haka, ita har yanzu ba ta san komai ba, na bar maka wannan. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Zaman kwamitin ranar Laraba ne, ƙarfe goma na safe agogonmu. Lambar da za ta kira ka ba ka da ita a wayarka, suna ba zai fito ba. Ka ɗauka.

Wassalam,
Ƙanwarka.